Abin da Babur ɗin Raja Zahur Ya Haɗiye

Tun daga kan gangara na jiyo warin, amma ban kawo komai a raina ba, don bakin madatsar ruwan Khanpur a tsakiyar zafi ba wurin shan iska mai daɗi ba ne. 'Yan Islamabad da Pindi su zo su ci su zubar, masu suyar kifi su watsa hanji a bayan rumfa, raƙumin da ake hawa a ɗauki hoto shi ma ya bar nasa rabon a kan hanya. Na tsufa ina gyaran injunan jiragen ruwa a wannan gaɓa, har ina ganin ba sauran abin da zai tayar mini da zuciya. Ashe ban gama gani ba.

Raja Zahur ne ya aiko a kira ni. Tsohon direban babbar mota ne, ya ci ƙuruciyarsa tsakanin Karachi da Peshawar, da ƙugu ya gaji sai ya sayar da motar ya sayo babur ɗin ruwa, na hannu daga Dubai, yana ba 'yan yawon buɗe ido haya. Bai yarda ya sa shi a ruwa ba sai da ya kai shi wurin masu fentin manyan motoci, suka zana masa furanni da ɗawisu da idanun mace a goshi. Mai tuƙa masa shi Parwez ne, wanda kowa ke kira Peja, magidanci mai furfura a gashin baki wanda bai taɓa musa wa Zahur ko a kan launin sama ba.

Na tarar da babur ɗin a kan tirela, an lulluɓe shi da tamfol, karnuka biyu suna kewaya shi Peja yana jifansu da tsakuwa. Zahur na zaune a kan gadon igiya a inuwa, masu jirage da masu doki sun kewaye shi kamar zaman makoki.

"Ustad Manzur, sannu da zuwa," in ji shi. "Duba dai don a ce an duba. Ni na san ciwonsa, ba na sifana ba ne."

"To me ya sa ka taso ni a ranar nan?"

Bai amsa ba, sai ya nuna da haɓa. Can gefe, ƙarƙashin rumfar buhu, Sughra ce ke tsaye a kan kaskonta, ta ja mayafi har goshi, tana juya pakora, irin ƙosan nan namu, a mai. Matar ƙaninsa Shafkat ce, wanda ruwan nan ya ci bara waccan garin ceto wani baƙo. Da wannan kasko da tukunyar shayi take ciyar da 'ya'yanta mata. Filin da rumfar take, da wanda Zahur ke ajiye babur, duk guda ne, uban Zahur da Shafkat ya bar musu su biyun.

"Ran da aka sauke shi daga mota ta zo ta tsaya a kansa," in ji Zahur. "Ta ce, kai, wannan abu da kyau yake, da Shafkat na nan da ya so shi. Ka ji? Ba Masha Allah, ba komai. Haka ta yi ta yabon ƙanina har ruwa ya tafi da shi. Farar ƙafa gare ta, ga baki ga ido. Na gaya mata, kafin Juma'a ta kwashe tarkacenta daga gaɓar nan, dattawa ma sun ce haka ya fi."

Dattawan suka gyaɗa kai. Waɗannan da shayinta suke karyawa kowace safiya, rabinsu ma ba su san ana biya ba. Na kuma san Zahur ya daɗe yana auna rumfar nan da ido, yana son wurin da zai kafa ɗakin sayar da tikiti. Raina ya ɓaci, amma ba wa'azi aka kira ni ba, sai na ce Peja ya yaye tamfol ɗin.

Wari ya taso ya buge mu, har na ja da baya.

"Ka ji ko?" in ji Zahur. "Tun da ta kalle shi yake wannan ɗoyi. Inji yana ɗoyi haka kawai?"

"Inji ba ya ɗoyi," na ce. "Ba ni makulli."

Na maƙala makullin igiyar a gurbinsa, ya yi ƙara yadda ya kamata, fitilu suka kawo. Na danna maɓalli. Ƙas. Na sake dannawa. Ƙas, shi ke nan, ko tari bai yi ba. Na ɗaga kujera na leƙa, sai ga batir sabo fil, ledarsa ma ba a gama cirewa ba.

"Na canza masa batir," in ji Zahur. "Da bai tashi ba na sake canza wani. Na sa an tofa a ruwa an yayyafa masa, an yi masa turare. Me ya rage?"

"Saura ka yi masa aure," na ce. Wani mai doki ya yi dariya, da ya ga fuskar Zahur sai ya mai da ita tari.

Na bi abin daki-daki yadda aka koya mini. Na kankare kawunan batir na ɗaure su tam. Na zaro fiyus ɗaya bayan ɗaya na duba a rana, duk lafiyarsu lau. Na ɗauko sukundireba na haɗa wutar kai tsaye zuwa kik, tartsatsi ya tashi, kik ɗin ya yi gurnani ya tsaya, wayar ta ɗau zafi a hannuna. To, wuta tana zuwa, kik yana so ya juya, wani abu ne ya riƙe shi. Na kwance fulogai, don babur ɗin ruwa idan ya kife yakan sha ruwa, injin ya cika ya ƙi motsi. Fulogai a bushe suke. Na danna maɓalli babu fulogi ko ɗaya, inda ko injin da ya sha ruwa ya kamata ya juya ya yi ta feshi. Ƙas.

Duk wannan aiki ina yi ina riƙe numfashi, ƙudaje na sauka a kan leɓena. Na lura kuma ba cikin injin suke so ba, baya suke komawa, ƙarƙashi, inda karnukan nan suka nace.

"Peja, zo nan. Yaya aka yi ya mutu?"

"Lafiya ya kwana, Ustad, ya tashi ya ƙi."

"Kai, dube ni. Ni sa'an wasanka ne? Kwana ya yi ya ƙi tashi, ko tashi ya yi ya mutu?"

Ya saci kallon maigidansa, ya sosa ƙeya. "To, tashi kam ya tashi. Mun tura shi ruwa da safe, na ɗora wani baƙo, na murɗa, bai yi nisa ba na ji ƙuu, sai ƙarar abu kamar ya tauna dutse. Ya mutu. Da iyo na jawo shi."

"Lokacin tana bakin ruwa tana wanke tukunya," Zahur ya cafe. "Ido cikin ido ta kalle shi. Peja, ƙarya nake?"

"Gaskiya ne, Raja."

"Kowace safiya a nan take wanke tukunya," na ce. "Ina kake so ta kalla, bayan kanta?"

Babur ɗin ruwa ba shi da giya, ba shi da kuloci. Sanda ɗaya ce ta taso daga inji ta shiga farfelar da ke zuƙo ruwa ta ƙasa tana feso shi ta baya. Idan farfela ta maƙale, inji ya maƙale, ko batir ɗin jirgin sama ka sa masa. Na faɗa musu haka, Zahur ya ce ai mota ba haka take ba. Na ce shi ya sa mota ba ta tafiya a ruwa.

Na ɗaure hancina da rawani, na ɗauki tocila da filaya, na kwanta rigingine a yashi mai zafi na kutsa ƙarƙashin tirela. A ƙasan babur ɗin akwai ragar ƙarfe inda ruwa ke shiga. Tun kafin in haska, wani abu mai laushi ya faɗo mini a kumatu, yana motsi. Na share, wani ya faɗo. Tsutsotsi ne, farare, ƙosassu.

Na taɓa ciro mataccen ɓera daga tankin mai, na taɓa ciro kunzugun jariri daga farfela, amma ban taɓa kwanciya a ƙarƙashin ruɓa tana ɗigo mini a fuska ba. Na haska. A jikin sandar ragar an ƙulla baƙin zare, ƙulli mai kyau irin na mai ɗaure kaya a mota. Zaren ya shige ciki ya nannaɗe sandar farfela kamar an saƙa shi. Irin baƙar jelar nan ce da mata ke kitsawa a gashi, wadda direbobi ke ratayawa a bayan manyan motoci don kau da mugun ido. A ƙarshenta kuma akwai wani abu mai gashi da ya shige tsakanin fukafukan farfela ya tokare.

Na kwance ragar, na yi ta yankan zare da wuƙa, baƙin ruwa na bin hannuna yana gangarowa har hammata. Na kama abin da filaya na ja, fata ta saɓule ta bar ƙashi. Na sake kamawa, na jijjiga, na tokare ƙafa da tayar tirela na fizga, ya fito. Ƙafar akuya ce, baƙa, da kofatonta, ƙashin ya tsage inda farfela ta cije shi.

Na fito da rarrafe, na yi gefe na amayar da karin kumallona. Sannan na ɗauko ƙafar da filaya, jelar na reto, tsutsa na zuba, na jefar a gaban gadon Zahur. Mutane suka dare suna toshe hanci.

"Ga idon Sughra," na ce. "Yana da kofato."

Peja ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi da ɗan yatsan ƙafa.

"Wa ya ɗaura wannan ƙazanta? Peja?" na tambaya.

"Raja ne ya yanka baƙin akuya sadaka, bayan ta yi maganar nan," ya ce a hankali. "Naman an raba. To, wani Baba, malamin tsibbu da ke bayan Haripur, ya ce a ɗaura ƙafar gaba da baƙar jela a bayan abin hawan, ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Mun duba ko'ina sumul yake, ba inda za a ƙulla sai ragar nan."

"Duk motar da na tuƙa da jela a bayanta!" Zahur ya daka tsawa. "Daga Karachi har Khyber, ko taya ban taɓa fasawa ba!"

"Motarka ba ta shan iska ta gindi, Raja. Wannan ta nan yake zuƙa. Kai ka ɗaura masa a baki, ya haɗiye. An bar jaki ana dukan taiki, kuna neman raba marayu da abincinsu a kan ƙafar akuyarka."

Na wanke farfelar, na goge inda ƙashi ya ɗan lanƙwasa ta, na mai da raga da fulogai. Muka tura tirelar har ruwa ya rufe bayan babur. Na danna maɓalli sau ɗaya, ya tashi da ruri, ya feso ruwa har kan masu kallo. Na juya ina jiran in ga mutum ɗaya ya taka zuwa rumfar nan ya ce Sughra ki yi haƙuri. Raina har ya fara sanyi, don na ɗauka gani ya kori ji.

Zahur ya miƙe, ya tsaya a kan ƙafar akuyar ya daɗe yana kallo. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na sani, amma ban zaci irin wannan ba.

"Allahu Akbar," ya ce. "Jama'a, ku duba ƙashin nan. Ku duba yadda ya tsage. Ni aka nufa da wannan! Baba ya ce ƙafar za ta tare duk abin da aka jefo, ga shi ta tare, har ta fashe. Idon da ya fasa ƙashi ya tura shi cikin inji, in ya sauka a kan ɗan mutum fa?"

"Kai dalla rufe mana baki," na ce. "Farfela ce ta fasa shi, ga tabon haƙorinta nan."

"To wa ya sa farfelar ta kama shi, Ustad?" wani dattijo mai jirgi ya tambaya, da gaskensa. "Motoci nawa ke yawo da jela lafiya?"

Sai ga kawuna suna gyaɗawa. Mutanen da suka ga ƙullin da idonsu, suka ji Peja da kunnensu, suka shaƙi ɗoyin da hancinsu. Wani har yana cewa dama shayinta kan sa shi ciwon kai. Tsutsar da ta faɗo mini a fuska ba ta ba ni ƙyama kamar waɗannan fuskoki ba. Na buɗe baki zan yi zagi, sai na ga mutane suna matsawa gefe.

Sughra ce ta taho, matsamin pakora na hannunta yana ɗigar mai. Tun rasuwar Shafkat ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya, yau ma ba ta ɗaga ba. Ta tsaya gaban Zahur, ta ɗan janye mayafin daga goshinta, ta kafa masa ido.

"Shi ke nan, Lala," ta ce, wato Yaya, yadda ta saba kiransa tun tana amarya a gidansu. "Kai ne babba. Ba sai Juma'a ba, yau zan kwashe. Sai dai ba ni da wurin zuwa, ba ni da aikin yi. Ka ga dutsen can da ke kallon ruwa? Na gwamnati ne, ba na babanku ba. Can zan riƙa zama daga safe har yamma, in yi ta kallo."

Ta juya a hankali ta dubi babur ɗin. "Ga shi ya tashi, gwanin kyau." Ta dubi dattijon nan. "Kawu, jirginka ma ya sha sabon fenti, ya yi kyau." Ta dawo da ido kan Zahur, daga rawani har takalmi. "Kai ma Lala ka yi ƙiba, ka yi haske. Lafiya ta zauna maka."

"Ki ce Masha Allah!" Zahur ya yi ƙara, ya ja da baya har ya taka ƙafar akuyar. "Ke! Ki ce Masha Allah!"

Ta ƙi faɗa, ta ci gaba da kallonsa. Dattijon ya kama tofe-tofe a cikin rigarsa, mai doki ya ja dokinsa ya yi gaba.

"Wa ya ce ki tashi?" in ji Zahur, gumi na bin wuyansa. "Ni na ce ki tashi? Matar ƙanina ce ke, amana ce a wuyana. Zauna ki yi suyarki. Sai dai a juya rumfar ta kalli titi, a sa buhu ta bayan, saboda... saboda iska."

"Saboda iska," dattawa suka amsa baki ɗaya.

Kafin la'asar su da kansu suka tuge sandunan suka juya rumfar, suka toshe ɓangaren ruwa da buhuna biyu-biyu, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da ita. Wurinta ya tsira. Ni da na kwanta cikin ruɓa na zaro gaskiya da filaya ban tsinana mata komai ba, sai da ta ɗauki ƙaryarsu ta yafa sannan suka ƙyale ta. Tir da wannan gaɓa.

Na wanke jikina da omo da yashi har fata ta yi ja, warin bai fita ba. Na je na zauna a bencinta, ni kaɗai, don masu karyawa da shayinta duk sun koma wurin mai shayin bakin titi. Da ma ta nan takan hango inda Shafkat ya nitse, yanzu sai buhu da motocin baƙi. Ta zuba mini shayi mai madara, ta haɗo da pakora mai zafi.

"'Yar'uwa, kin san yanzu ba mai sake zama a nan sai baƙin da ba su san ki ba," na ce.

"Baƙi ma suna cin pakora, Ustad. Su aƙalla suna biya." Ta goge ido da gefen mayafi, ta yi ɗan murmushi. "Na gode. Na ga abin da ka shiga saboda ni. Tun Shafkat na da rai yake faɗa, duk gaɓar nan ba mai hannu irin naka."

Tana faɗa tana kallon hannuna da ke kan benci. Ban san lokacin da na janye shi na cusa a ƙarƙashin riga ba.

Ta gani. Ta ja mayafinta ya rufe goshi, ta juya ga kaskonta. Na zaro hannun na ɗauki kofin, amma ba ta sake waiwayowa ba.